Idan Ruwa Ya Shiga Injin Tarakta

Shirinmu na yau ya nufi Bahindi ne, a ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi, inda fadamun Kogin Kwara suka shimfiɗu har iyakar Benin, inda kuma manomin shinkafa da ya samu hayar tarakta a kan kari yake ganin Allah Ya yanke masa rabin wahalar shekara.

Duk wanda ya shaida ambaliyar 2020, wadda ta shanye gonakin shinkafa a Kebbi har da na Bagudo, ya san Kwara ba ta sallama in za ta shigo. Kuma bayan cikar damina akwai wata cikar mai isowa daga Gini da Mali cikin hunturu, alhali masu noman rani sun riga sun sauka fadama. Saboda haka taraktar da aka bari ta kwana a gangare, ko aka kutsa da ita kwazazzabo bisa zaton ruwan iyakarsa gwiwa, tana iya wayar gari da ruwa a cikinta.

To, a nan ne ake tafka asarar da ta fi ta ruwan kansa, domin direba, da tsoron faɗan maigida ya kama shi, sai ya yi maza ya murɗa makulli ya ga ko za ta tashi. Hikimar injin dizal ita ce fistin ya matse iska har ta yi zafin da mai zai kama da wuta. Amma ruwa, bisa ɗabi'ar da Allah Ya halicce shi a kanta, ba ya matsuwa, don haka idan fistin ya taso da ƙarfi ya tarar da shi, sandar da ke tura fistin ce za ta lanƙwashe, wani lokaci ma ta karye ta huda cikin inji. Wallahi murɗawa ɗaya ta isa ta mai da gyaran yini guda ya koma sauke inji baki ɗaya.

Abin da ya wajaba shi ne a cire kan batir, a jawo ta tudu da wata taraktar ba tare da an sa ta a giya ba, a aika wa bakanike. Shi kuwa zai zare sandar awon mai ya duba: in baƙin mai ya koma fari-fari kamar kunun gyaɗa, shaida ta tabbata. Sai ya kwance noti na ƙasa, ruwa ya fara zubowa tukuna, da yake ya fi mai nauyi, sa'an nan mai ya biyo baya. Ya kwance nozul duka, ya juya inji da hannu a hankali har ruwan ya fita ta ramukansu, ya sauya matatar iska da ta mai, ya tsiyaye tankin gas. Bayan an zuba sabon mai ta yi aiki kaɗan, a sake juye shi, kada ƙyashin kuɗin ya hana. Kuma kada a ce sai bayan kasuwa, gama tsatsa ba ta jiran kwanaki masu yawa.

Akwai kuma ruwan da ke shiga a ɓoye. Salansar tarakta sama take kallo, ruwan sama na dare ɗaya yana iya gangarawa ta cikinta, shi ya sa tsofaffin direbobi ke kifa mata gwangwanin madara in sun tashi aiki. In kuwa babu ambaliya babu ruwan sama, amma ruwan lagireto yana raguwa kullum, farin hayaƙi yana fita bayan inji ya ɗumama, to a tuhumi gaskit, a tsai da aiki a kira bakanike tun kafin a shiga huɗar gobe.