Harawa a Chaza: Abin da Ya Kamata Ku Sani Kafin Rani Ya Tsananta

Da zarar ruwa ya ɗauke a ƙasar Suleja, wajejen ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, aiki yakan yi wa ƙaramin manomi yawa a Chaza da ƙauyukan kewaye. Ga roron wake, ga dawa tana ƙarasa nuna, ga masu doya suna shirin haƙa. A cikin wannan hada-hada akwai aiki guda da ake yawan yi wa riƙon sakainar kashi, wato tattara harawa. Alhali ita ce za ta riƙe akuya da tunkiya da ragon turke har sabuwar ciyawa ta fito.

Harawa ita ce ganye da jijiyar wake ko gyaɗa da aka busar. Ta bambanta da karmami, wato ganyen dawa, ta kuma bambanta da ingirici, wanda ciyawar daji ce irin su gamba da kyasuwa da aka yanka da lauje aka shanya. Duk abincin dabba ne, amma ba darajarsu ɗaya ba. Sinadarin gina jiki da ke cikin harawa mai kyau ya ninka na busasshen karan dawa sau biyu ko fiye. Kara cika ciki yake yi, harawa kuwa ita ke sa nama da nono.

Sai dai Suleja ba Kano ba ce. A can Arewa damina gajera ce, gyaɗa na nuna ruwa na ɗaukewa, rana ta busar da komai. A nan ruwa yakan fara tun Afrilu, bai tsayawa sai Oktoba. Wanda ya shuka gyaɗa da ruwan fari zai cire ta a Agusta ko Satumba, sama na zuba. In ya tara ganyen a ƙasa, kafin kwana kaɗan ya yi baƙi, ya yi fumfuna, ya soma wari. Irin wannan ba abin ba dabba ba ne, domin yana iya sa ta ciwo. Dabarar ita ce a baza shi a kan rumfa ko igiya inda iska ke ratsawa, a riƙa juyawa, a rufe in hadari ya taso. Shi ya sa a wannan yanki harawar wake ta fi samuwa da kyau: ana shuka shi a ƙarshen damina, ya nuna daidai lokacin da iskar hunturu ta fara kaɗawa.

Ita ma harawar wake tana da lokacinta, kuma gajere ne. Amfaninta yana cikin ganye. In aka gama roro aka bar ta a gona mako biyu, ganyen zai bushe ya kakkaɓe, a kwaso jijiya zalla. Manomin da ya san aikinsa yakan yanke ta tun da sauran kore a jikinta, ya bar ta ta sha iska, sannan ya naɗe ta da sassafe lokacin da raɓa ta sa ta yi laushi. Da tsakar rana ganyen rugurgujewa yake yi a hannu. Za ka ga maigida yana naɗi, yara suna jido a ka, mata a gida suna sussukar wake suna ware ƙowa a buhu, domin ita ma abincin dabba ce mai kyau. Dami mai kyau kore-kore yake, da ƙamshi, ba danshi a cikinsa. Wanda ya fesa wa wakensa maganin ƙwari dab da girbi kuwa, ya kiyaye kwanakin jira da aka rubuta a jikin kwalbar.

Wajen ajiya, ƙasa ita ce abokiyar gaba, saboda gara da danshi. Shi ya sa ake ɗora dammuna a kan rufin ɗaki, ko rumfa, ko tsakanin rassan bishiya. A ganina inuwa ta fi rufin kwano, domin rana tana cinye koren ganye a hankali. A kuma share ciyawar da ke kewaye, saboda ƙunar daji da masu farautar gafiya ke tayarwa da rani ba ta tambayar mai kaya.

Akwai dalilin da ya sa tanadin harawa ya ƙara muhimmanci yanzu. Babbar Salla ta faɗo a watan Yuni a 2023 da 2024 da 2025, kuma kowace shekara tana matsowa baya da kamar kwana 11. Ke nan watannin turka rago sun koma tsakiyar rani da bazara, lokacin da ɗanyar ciyawa ke ƙaranci. Damin da aka sayar da arha a kaka, shi ne za a nema da tsada a Maris. Ga kuma Abuja a kusa, da kasuwar dabbobi ta Dei-Dei, da ɗimbin masu kiwon rago ɗaya ko biyu a cikin gari waɗanda ba su da gona. Gonakin ma raguwa suke yi, domin ma'aikatan Abuja da ke neman muhalli a Suleja sun sa ana yanka su filaye.

Mai neman iri ya tambayi malaman gona game da waken da ke ba da ƙwaya da harawa tare. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, tare da cibiyar bincike ta IITA, sun fitar da ire-irensa ƙarƙashin sunan SAMPEA. Ragowar kara kuma, mai gona ya yi magana da makiyayi tun da wuri: a tsayar da ranar da shanu za su shiga bayan an kwashe amfani, a daidaita kan kuɗi ko kan kwanakin da za su kwana su bar taki.