Makarantar Da Ajinta Ke Gefen Gadon Majinyaci

Duk wanda ya taɓa kwanciya a asibiti ya san su: 'yan mata da samari sanye da fararen kaya, suna biye da babbar sista da ɗan littafi a hannu. Waɗannan su ne ɗaliban aikin nas. Sau da dama mukan ji ɗan'uwa yana cewa, "Kada ɗan koyo ya taɓa ni." To, 'yan'uwa cikin Kristi, in kowa ya ƙi ɗan koyo yau, wa zai yi jinyarmu gobe?

Koyon jinya a cikin asibiti tsohon tsari ne. A shekarar 1860 Florence Nightingale ta buɗe makarantarta a asibitin St Thomas da ke birnin Landan. Masu bishara suka kawo irin wannan tsari ƙasarmu. Mishan ta SUM ta kafa asibitin Vom a 1922, SIM kuma ta buɗe na Galmi a ƙasar Nijar a 1950. A irin waɗannan wurare, da Wusasa da Garkida, iyayenmu suka fara koyon wanke miki da ɗaura bandeji. Hukumar kula da nas-nas da ungozomomi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979, ita ke shirya jarrabawar ƙarshe, ta ba da izinin aiki.

Tsarin da yawancin nas-nas namu suka bi na shekara 3 ne. Wata 6 na farko a aji ake yin su, ana koyon sassan jiki da tsabta. Sai wanda ya ci jarrabawa ake kai shi ɗakin majinyata. A nan zai koyi gyaran gado alhali mai ciwo yana kwance a kai, da auna zafin jiki da bugun jini, da juya wanda ba ya iya motsi bayan kowane awa 2 don kada gyambo ya fito masa a baya. Daga nan sai allura, da ƙarin ruwa, da aikin dare. Yakan zaga ɗakin maza, da na mata, da na yara, da na haihuwa, har ɗakin tiyata. Kowane aiki sai babba ya tsaya a kansa, ya ga ya iya, sa'an nan ya sa masa hannu a littafi. Gani ya kori ji. Littafi ba zai nuna maka yadda numfashin yaro ke sauyawa da tsakar dare ba.

Amma akwai damuwa. Ƙwararru da yawa sun tafi Ingila da Amurka neman abinci. In nas ɗaya ta rage da majinyata cike da ɗaki, yaushe za ta sami sukunin koyarwa? Ɗalibi sai ya zama ɗan aike, ko a bar masa abin da ya fi ƙarfinsa.

Saboda haka aiki ya rataya a wuyanmu. Mu yi haƙuri da ɗan koyo, amma muna da ikon tambaya wa ke duba aikinsa. Zumuntar Mata da majalisun ikkilisiya su taimaki 'ya'yan marasa ƙarfi da kuɗin makaranta. Iyaye kuma kada su tura yaro don albashi kaɗai. Basamariyen nan na Luka sura 10 bai yi ƙyamar rauni ba.

Ubangiji ya ƙarfafa hannuwansu. Amin.