Zirin Koriya: Al'umma Ɗaya da Shingen Waya Ya Raba

Wayoyin Samsung da ke hannun da yawanmu da motocin Hyundai da ke kan titunanmu sun fito ne daga rabin wata ƙasa da har yau ba ta kammala yaƙinta ba. A ranar 27 ga Yulin 1953 aka sanya hannu kan yarjejeniyar tsagaita wuta a ƙauyen Panmunjom, bayan shekara uku ana zubar da jini, amma ba a taɓa ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya ba. A shari'ance, Koriya ta Arewa da ta Kudu suna cikin halin yaƙi.

Ba 'yan Koriya ne suka raba ƙasarsu ba. Da Japan ta sha kaye a 1945, bayan ta mulki zirin tun 1910, Amurka da Tarayyar Sobiyet suka shata layi a tsakiya, kowa ya kama ɓangarensa. Harshe ɗaya, zuriya ɗaya, aka wayi gari da gwamnatoci biyu a 1948. Cikin dakarun da suka taimaki Kudu har da na Turkiyya, kuma ta hannun limamansu Musulunci ya fara kafuwa a Koriyar zamani. An buɗe babban masallacin Seoul a 1976.

Abin da mutane kan manta shi ne, a farkon rabuwar Arewa ce ke da masana'antu da kwal da tama, Kudu kuwa noma ne abin dogaronta. Yanzu Kudu mai mutum kusan miliyan 51 tana sahun manyan ƙasashe masu arziki, ta kuma rabu da mulkin soja a 1987. Arewa mai kimanin miliyan 26 tana hannun gida ɗaya tun zamanin Kim Il Sung, ta gwada makamin nukiliya karo na farko a 2006, takunkumi ya ƙara ƙuntata mata.

Ƙasa ma ta nuna bambancin. Kudu ta dasa itatuwa a duwatsun da yaƙi ya bari tsirara. A Arewa talauci ya sa aka sare dazuka don girki da noma a gangaren tsaunuka, sai ambaliyar 1995 ta kwashe gonaki, aka shiga yunwar da ta kashe mutane masu ɗimbin yawa. Ruwa kuwa bai san iyaka ba: a watan Satumban 2009 Arewa ta saki ruwan wata madatsa ba tare da sanarwa ba, Kogin Imjin ya cika, mutum shida suka mutu a Kudu.

Tsakanin ƙasashen akwai fili mai tsawon kusan kilomita 250 da faɗin kilomita 4, cike da nakiyoyi. Da yake ɗan Adam bai cika taka shi ba tsawon shekara saba'in, ya zama mafakar gauraki da namun daji da suka yi ƙaranci a wasu wurare.

Mu a ganinmu, mafi ɗacin lamarin shi ne na iyalan da aka raba. Haɗuwa ta ƙarshe da aka shirya musu ita ce ta Agustan 2018 a Dutsen Kumgang, kuma galibin masu jiran layi sun haura shekara tamanin. Masana'antar Kaesong, inda dubban ma'aikatan Arewa ke yi wa kamfanonin Kudu aiki, an rufe ta tun Fabrairun 2016. A Janairun 2024 Kim Jong Un ya bayyana cewa ƙasarsa ta daina neman haɗewa da Kudu.