Jiragen da Ake Cewa Suna Sauka a Dazukan Anka, Gummi da Bukkuyum

Tun lokacin da ta'asar 'yan bindiga ta haɗu da haƙar zinariya a yammacin Jihar Zamfara, magana ɗaya ta zama ruwan dare a kasuwanni da majalisun hira daga Anka har zuwa Gummi, wato cewa wasu ƙananan jiragen sama na masu hannu da shuni suna sauka cikin daji da dare, su sauke makamai su kwashi zinariya. Maganar ba ta rasa tushe ba, domin a ranar 2 ga Maris 2021, kwanaki kaɗan bayan sace ɗaliban makarantar 'yan mata ta Jangebe, Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro na lokacin, Babagana Monguno, ya sanar da haramta shawagin jirage a sararin jihar, tare da jaddada dokar hana haƙar ma'adinai da aka fara kafawa a Afrilun 2019. Sai dai sanarwar ba ta ambaci lambar wani jirgi ko sunan mai shi ba, kuma a wannan giɓi ne zancen ya yi ta haihuwa, har mai yiwuwa ya cakuɗe da wanda hankali ba zai ɗauka ba.

Kuskure na farko yana cikin kalmar "jirgi" ita kanta, wadda ake jibga wa abubuwa uku mabambanta. Jirgin alfarma mai injin jet, irin wanda attajirai ke hawa tsakanin Abuja da Legas, yana buƙatar shimfiɗaɗɗen titi mai kwalta wanda tsawonsa ya haura kilomita ɗaya, kuma injinsa yana zuƙar iska da ƙarfin da tsakuwa ɗaya za ta iya lalata shi, saboda haka duk labarin da ya ce irinsa ya sauka a dajin Gando ko a gefen Bagega ƙarya ne tsagwaronta. Ƙaramin jirgi mai farfela lamarinsa daban ne. Cessna 172, wanda aka fara ƙerawa a Amurka a shekarun 1950 kuma ya fi kowane jirgi yawa a duniya, yana iya tashi daga busasshen fili mai tsawon mita 500, kamar yadda jirage uku na sojan saman Birtaniya da suka fara isa Kano a Nuwamban 1925 suka sauka a fili ba tare da kwalta ba. Amma fili irin wannan sai an sare itatuwa, an cike ramuka, an rushe suri, kuma da zarar an yi haka ya zama tabo a bayan ƙasa wanda hoton tauraron ɗan'adam ke nunawa. Da damina kuwa laka takan riƙe tayoyin. Na ukun, wato jirgi mai saukar ungulu, shi kaɗai ne zai iya sauka a sarari kamar na filin ƙwallo ya tashi cikin mintuna, kuma a kansa ne kawai zargin yake da ƙafar tsayawa.

Akwai kuma masu ƙaryata zancen baki ɗaya da hujjar cewa na'urar rada, wadda ke hango jirage daga nesa, tana ganin duk abin da ya gitta a sama. Su ma sun yi kuskure. Tsarin rada na ƙasa da aka ƙaddamar a 2010 yana da tashoshi tara, ɗaya daga ciki tana Talatar Mafara, maƙwabciyar Anka, amma tashar irin wadda ake kira rada ta biyu ce. Bambancin yana da muhimmanci: rada ta farko tana harba igiyar lantarki ta daki jikin jirgi ta dawo, ko matuƙi ya so ko bai so ba, ita kuwa ta biyu tambaya take aikawa, sai wata na'urar amsa kira da ke cikin jirgin ta mayar da lambarsa da tsayin da yake tafiya a kai. Idan matuƙi ya kashe wannan na'ura, ya kuma yi ƙasa-ƙasa inda tuddai da lanƙwasar doron ƙasa ke kare shi, to tashar ba ta da labarinsa. Dokar hana shawagi ma ba katanga ba ce. Umarni ne da ake bai wa matuƙa, wanda ƙarfinsa ya dogara ga samun mai gani da mai tarewa.

Inda jita-jitar ta fi rauni shi ne zaton da ake yi cewa mallakar jirgi kamar mallakar mota ce, a biya kuɗi a karɓi makulli. Kowane jirgin farar hula da ke da rajistar Najeriya yana ɗauke da lamba mai farawa da 5N a jikinsa, na Nijar kuma 5U, kuma Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa, NCAA, ita ke ba da takardar shaidar lafiyar jirgi da izinin tashi na ƙashin kai, wanda ya haramta ɗaukar fasinja ko kaya don kuɗi. A 2024 hukumar ta dakatar da izinin wasu masu jirage, lamarin da ke nuna cewa ana karya ƙa'ida, yana kuma nuna cewa masu karyawar sanannu ne a takarda. Matuƙi kansa ba ya samun ko lasisin tuƙa jirgi na ƙashin kai sai ya yi kimanin sa'o'i 40 a sama, ya ci jarrabawa da gwajin likita, a makaranta irin Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya da aka kafa a 1964. Tashi da dare ko cikin hazon hunturu, lokacin da ido ba ya iya rabe ƙasa da sama, yana buƙatar ƙarin horo, kuma sauka a daji babu fitilun titi kasada ce da ƙwararru ma ke gudu.

Bayan takarda akwai ciyarwa, domin jirgi dabba ce mai tsada wadda ba ta kiwon kanta. Ana ƙirga rayuwar inji da sa'o'in aiki, ana rubuta kowace sa'a a littafi, ana duba shi lokaci-lokaci ƙarƙashin sa hannun injiniya mai lasisi, kuma idan injin Cessna ya kai kimanin sa'o'i 2,000 sai a kwance shi a yi masa garambawul da kayan gyaran da ake sayowa da dala. Mansa ma ba na gidan mai ba ne. Mafi yawan jirage masu saukar ungulu suna shan tataccen kananzir na jirgi, ƙananan masu farfela kuma wani fetur na musamman mai wuyar samu a Najeriya, wanda har yau ake zuba masa sinadarin dalma, ƙarfen nan da gubarsa ta hallaka yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma, a 2010. Duk jirgin da ya sauka a daji daga wani filin jirgi ya taso, wani ne ya zuba masa mai, wani ya duba injinsa, kuma can zai koma.

Lissafin nauyi ya fi kome warware batun. Cessna 172 yana ɗaukar kusan kilo 400 gaba ɗaya, kuma idan aka cire nauyin cikakken tanki da na matuƙi, abin da ya rage bai kai buhu biyu na hatsi ba. Wannan ya isa ɗaukar bindigogi da dama, babu musu, amma 'yan babura kaɗan za su ɗauki fiye da haka ta hanyoyin daji da suka haɗa Zamfara da Sakkwato da iyakar Nijar, waɗanda makamai suka yawaita a kansu tun rugujewar gwamnatin Libiya a 2011. Ita kuwa zinariya, nauyinta ya ninka na ruwa sau 19, har kilo guda bai fi ƙaramar wayar hannu girma ba, don haka mai fasa-ƙwaurinta aljihu yake buƙata, kuma hayar jirgi mai ƙarar da za ta tashi ƙauye guda ba dabarar mai ɓoye kaya ba ce.

Amma mutanen da suka ce sun ga jirage ba mafarki suka yi ba. Rundunar Sojan Sama tana da sansani a Gusau, jiragenta suna sintiri, suna kai farmaki, suna sauke wa dakarun da ke daji abinci da harsasai, kuma dokar 2021 ba ta shafe su ba. A ranar 18 ga Yuli 2021 ma 'yan bindiga sun harbo wani jirgin yaƙi samfurin Alpha Jet a jihar, matuƙinsa Abayomi Dairo ya tsira da lema. Kafin haka, tsakanin 2003 da 2010, jiragen binciken ma'adinai sun kewaye ƙasar suna tafiya kimanin mita 80 kacal daga ƙasa, layi bayan layi, kuma jiragen feshin tsuntsayen jan-baki sukan ratsa gonakin shinkafa na Kabi da Sakkwato da Zamfara. Manomin da ya ga jirgi ya yi ƙasa a bayan tsauni ya faɗi gaskiyar abin da ya gani, sai dai fassarar da aka ɗora a kai ce ke buƙatar shaida.

Saukar jirgi mai saukar ungulu a dajin Anka ko Bukkuyum ba tare da rada ta gani ba abu ne mai yiwuwa, saukar jirgin alfarma ba ta yiwuwa, kuma zinariya ba ta jiran ko ɗaya daga cikinsu kafin ta bar ƙasar. Gwamnatin Tarayya ta ɗage dokar hana haƙar ma'adinai a Zamfara a Disamban 2024, kuma hukumomin da ke riƙe da rajistar jirage da littattafan sayar da mai su ne ya wajaba su fito da lambar jirgi da sunan mai shi, idan akwai.