Taron Dangi na Shekara Shekara

A 1 Sama'ila 20:6 mun ga dangin Dawuda sukan taru a Baitalami kowace shekara domin miƙa hadaya. Al'ada ce sananniya, har Jonatan ya kafa hujja da ita a gaban Sarki Saul.

Mu ma mukan koma ƙauye da Kirsimeti, bayan girbi. Amma sau da yawa idan kakan da ke kiran taron ya rasu, sai gardamar gona ta shigo, taron ya watse. Saboda haka mu tsayar da rana tun yana da rai, mu danƙa wa matasa riƙon gudummawa. Yaranmu haifaffun Jos ko Legas kuwa, a nan za su ji yarenmu, su kuma san wanda bai halatta su aura ba.