Wasan Neman Ɓoyo da Taƙaddamar 26 ga Janairu a Ostareliya

Geocaching wasa ne na neman kayan da aka ɓoye ta hanyar amfani da na'urar GPS ko wayar hannu. Mai ɓoyo kan sa ɗan littafi a gwangwani mai murfi, ya cusa shi a kogon bishiya ko ƙarƙashin dutse, sannan ya wallafa lambobin wurin a intanet. Duk wanda ya gano shi sai ya sa hannu a littafin, ya mayar yadda ya tarar.

Wasan ya samo asali ne a watan Mayu na 2000, bayan gwamnatin Amurka ta daina rage ingancin GPS ga farar hula. Ranar 3 ga watan, Dave Ulmer ya ɓoye bokiti na farko a jihar Oregon. Daga nan wasan ya bazu a duniya, har 'yan wasan suka riƙa shirya tarukan sada zumunci a wuraren shaƙatawa, wani lokaci kuma su haɗu don share shara. Irin waɗannan taruka sukan faɗo a ranakun hutu, domin a lokacin ne jama'a ke da sukuni.

A Ostareliya, ɗaya daga cikin waɗannan ranaku ita ce 26 ga Janairu, Ranar Ostareliya, wadda ke zuwa a tsakiyar lokacin zafi. A wannan rana ce a 1788 Kyaftin Arthur Phillip, jagoran jiragen ruwa 11 daga Birtaniya, ya kafa tuta a gaɓar Sidni. Ga mutane da yawa rana ce ta gashin nama, wasanni da rantsar da sababbin 'yan ƙasa.

Amma ga al'ummun Aborijin, waɗanda suka shafe fiye da shekara dubu 50 a ƙasar, daga ranar ce aka fara ƙwace musu filaye, cututtuka da kashe-kashe suka biyo baya. Tun a 1938 shugabanninsu irin su William Cooper, Jack Patten da William Ferguson suka ayyana ta Ranar Makoki. A 1988 dubun-dubatar mutane sun yi zanga-zanga a Sidni. A yau wasu na kiran ta Ranar Mamaya, wasu Ranar Tsira. Masu neman a sauya ranar na nuni da cewa sai a 1994 dukan jihohi suka daidaita hutun a kanta, kuma tarayyar ƙasar ta kafu ne ranar 1 ga Janairu, 1901. Masu kare ta kuwa na ganin ta riga ta zama al'ada, sauya ta kuma ba zai gyara tarihi ba.

Ƙa'idojin shafin Geocaching sun hana a yi amfani da sanarwar taro wajen tallata siyasa ko aƙida. Duk da haka, mai shirya taro a wannan rana dole ya zaɓi sunan da zai kira ta, kuma kowane suna na da ɓangaren da yake jawowa. Waɗannan ƙa'idoji sun kuma wajabta neman izinin mai fili kafin a ɓoye kaya, alhali mallakar fili ce tushen rikicin. Sai a 1992, a shari'ar Mabo, babbar kotun ƙasar ta yi watsi da iƙirarin cewa Turawa sun tarar da ƙasar ba ta da masu ita.