Mentone: Hedikwatar Gundumar da Jama'arta Ba Su Kai Ɗari Ba

A yammacin jihar Texas ta Amurka, garin Mentone ne yake riƙe da matsayin hedikwatar gundumar Loving. Gunduma a tsarin Amurka yanki ne na mulki da ke ƙarƙashin jiha, kwatankwacin ƙaramar hukuma, hedikwatarta kuwa ita ce garin da aka ajiye kotu da ofishin jami'in tsaron yanki da kundin rajistar filaye. Wannan matsayi ba ruwansa da yawan jama'a, domin ƙidayar 2020 ta sami mutum 64 kacal a gundumar mai faɗin murabba'in kilomita kusan 1,750, wato mafi ƙarancin jama'a a duk ƙasar, kuma ashirin da 'yan kai ne daga cikinsu ke zaune a Mentone.

Gundumar ta ci sunan Oliver Loving, wani falken shanu da mayaƙan Comanche suka raunata a bakin kogin Pecos a 1867, raunin da ya zama ajalinsa. An shata iyakarta a 1887, sannan a 1893 wasu masu kamfanin noman rani suka kafa mata hukuma bisa alkawarin janyo ruwa daga Pecos, amma ba a je ko'ina ba suka watse, majalisar jiha ta rushe hukumar a 1897. Man fetur da aka haƙo a shekarun 1920 shi ya farfaɗo da ita, har aka sake kafa ta a 1931, aka sauya wa wani ƙauye mai suna Ramsey suna zuwa Mentone, aka gina masa kotu a 1935.

Sai dai arzikin ƙarƙashin ƙasa bai iya zaunar da mutane a bisanta ba, kuma dalilin bai wuce ruwa ba. Yankin hamada ne mai ƙarancin damina, ruwan Pecos kuma gishiri ya yi masa yawa, shi ya sa aka shafe shekaru ana dakon ruwan sha a tankoki daga wasu garuruwa. An rufe makarantar garin a shekarun 1970, yara suka koma karatu a Wink da ke gundumar Winkler. A yau manyan motocin kamfanonin mai na cika babbar hanya mai lamba 302 tun da asuba, alhali galibin ma'aikatan da ke cikinsu ba mazauna gundumar ba ne, ƙidaya ba ta lissafa su a nan.